Sharar da 'Yan Jari-Bola Suka Ƙi

Duk mai son sanin abin da ke sake sarrafuwa a ƙasar nan, ya dubi buhun ɗan jari-bola a Kano ko Kaduna. Zai ga ƙarfe da tagulla da gwangwanin lemo da farar gorar ruwa. Kowanne yana da mai saye. Gwangwanin alminiyon kan tafi wurin maƙera ya dawo tukunya, kuma narka tsohon alminiyon na cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake buƙata wajen haɗa sabo.

Abin da ɗan jari-bola ya bari a juji shi ne damuwarmu: ledojin madara da garin sabulu da biskit. An manne roba iri-iri da siririn alminiyon wuri guda, rabuwarsu sai da tsada, shi ya sa ba mai saye. Su ke toshe magudanan ruwa da damina, su ke cika tumbin awaki da shanu, ko a cinna musu wuta yara su shaƙi hayaƙin.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Makomar kaya a masana'anta ake yanke ta. Kamfanin Coca-Cola ya sauya koriyar gorar Sprite zuwa fara a Amurka a 2022, domin farar roba ta fi saurin komawa sabuwar gora. Tarayyar Turai ta wajabta tun Yulin 2024 cewa murfin gorar roba ya zauna maƙale da ita, don kada ya ɓace a shara.

Nijeriya na da manufar kula da sharar roba tun 2020, hukumar kula da muhalli ta NESREA kuma na da tsarin da ya ɗora wa kamfanoni alhakin kwashe abin da suka zuba a kasuwa. Aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

Ra'ayinmu shi ne, gwamnati ta sa wa'adin daina amfani da ledar da ba ta sarrafuwa, ta sassauta haraji ga masu amfani da roba iri ɗaya. Jihohi su yi wa 'yan jari-bola rajista, su ba su safar hannu da wurin tara kaya, su hukunta ɓarayin da ke fakewa da sana'ar. Wanda ya ci ribar leda, shi ya kamata ya biya kuɗin kwashe ta.