Abujar da ba a nuna mana a waya

Duk wanda zai ba ka labarin Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, da Hajiya Binta yake farawa: bazawara mai shekara 55 da ta faɗa soyayya da Reza, dillalin wiwi, sa'an ɗanta. Daga nan sai a yi salati, a rufe zance. Ni kam ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba.

Littafin ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. A Mararaba labarin yake, can bakin Abuja, ba Maitama ba. Reza da yaransa a wani kango suke zama, suna kiransa San Siro. Ɗan siyasa ya ba su kuɗi su yi masa ta'asa, ranar da suka zame masa kaya kuma ya nuna bai taɓa saninsu ba.

To ku gaya mini, in an gama girbi samarinmu na Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar suka hau mota, ina suke sauka? Irin waɗannan unguwanni ne fa. Da sallah su dawo da shadda da sabuwar waya, ba mai tambayar inda suke kwana. Ƙanensu yana kallo, shi ke nan ya raina dakon da yake yi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Ba cewa nake kowa ya zauna gida ba. Ni ma da na karɓi difloma Abuja nake hari. Damuwata, littafin da Turanci yake, yawancin masu tafiya ci-rani kuwa ba za su iya karanta shi ba. Mu ne za mu kai musu labarin San Siro in mun je hutu. Shugabannin ƙungiya, don Allah a nema mana kwafi ko biyar a laburare.