Uwargida, Kada Ki Ba Tagarki Man Gyaɗa



Kwanan baya na je barkar haihuwa wani gida, gida kuwa na gani na faɗa. Kwanuka sai ƙyalli suke yi, gado ya sha shimfiɗa, turaren wuta na tashi. Da zafi ya dame mu sai mai jego ta ce a buɗe taga. Mu uku muka taru a kan tagar nan ta alminiyom, muna ja tana ƙugi, ko motsi ba ta yi ba. Da na leƙa hanyar da take bi sai na ga ƙura ta haɗu da mai, sun daskare baƙi ƙirin. Na ce, "Wa ya zuba mata mai?" Uwargidan ta ce, "Ni ce, man gyaɗa ne, don ta yi santsi." Ragar sauro kuma ta yage, an cusa tsumma a wurin, ga jariri ɗan kwana biyar kwance a ƙarƙashinta.

To, wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami yau. Yawancinmu mun ɗauka taga aikin maza ne. Mukan share ɗaki sau biyu a rana, mu wanke tukunya har mu ga fuskarmu a ciki, amma taga sai mu ce, "Bari maigida ya dawo." Maigida kuwa ya fita tun da safe, bai dawo ba sai bayan isha'i. Wa ke yini a ɗakin? Wa ke jinyar yaro in zazzaɓi ya kama shi? Ke ce. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tagar da ba ta rufuwa sosai, ko ragar da ta yage, ƙofa ce kika buɗe wa sauro da hannunki.

Alminiyom, wanda iyayenmu ke kira goran ruwa, ƙarfe ne mai kirki. Gara ba ta cinsa kamar katako, ba ya jan tsatsa kamar baƙin ƙarfe, nauyinsa kuma wajen sulusin na baƙin ƙarfe ne. Amma fa yana da taushi, ba ya son a gwada masa ƙarfi. Murfin taga mai ja a kan 'yan tayoyi ƙanana yake tafiya. In ƙurar hunturu ta cika hanyar, tayoyin sai su daina juyawa, su dinga gurzar ƙarfen har su cinye. Ke kuma ki fizga, murfin ya karkace, gilashi ya tsage. Mai kuwa, ko na gyaɗa ko manja ko baƙin mai, ƙura yake kira, ya riƙe ta ya zama taɓo.

Abin yi ba wuya. Sau ɗaya a mako, daga Nuwamba har zuwa Maris, ki sami tsohon burushin goge haƙori ki kakkaɓe hanyar tun tana bushe, sa'an nan ki bi da tsumma mai laima da ɗan sabulu, ki tsane. In kina son santsi, ki ɗan goga mata kyandir, shi ke nan.

Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba. Ki duba ƙasan tagar ta waje, za ki ga 'yan huji ƙanana. Ba kuskuren maƙeri ba ne, magudanar ruwan sama ce. Ƙura takan toshe su, zanzaro ma yakan yi gini a ciki. In sun toshe, ruwan Agusta sai ya cika hanyar ya malalo cikin ɗaki, fenti ya kumbura, katifa ta jiƙe, a ce ai magini ne ya yi ha'inci. Tsinken tsintsiya ɗaya ya isa, ki zura kafin ruwan fari ya sauka.

Wajen wanki kuma ina roƙonku ku bar taga da toka da kanwa da soda. Duk suna cin alminiyom, su bar masa tabo fari-fari wanda ba ya fita. Soson ƙarfe ma yana kankare masa fatar da ke kare shi. In ana gini ko shafe a gidan, ɗanyen siminti ya fantsamo, a goge nan take, kada a bar shi ya bushe.

Kai, akwai wata al'ada da ke tayar mini da hankali: a zuro wayar janareta ko ta maƙwabta ta taga, a rufe murfin a kanta. Alminiyom yana ɗaukar wutar lantarki ƙwarai. Yau da gobe bakin murfin ya yanke robar wayar, tagar duka ta ɗauki wuta, yaro ya zo ya dafa. Allah Ya kiyaye. In akwai irin wannan a gidanki, yau ɗin nan ki sa a cire.

Na san wata za ta ce, "Gidan haya nake, me ya shafe ni?" Gaskiya ne ginin ba naki ba ne, amma huhun da ke shaƙar ƙurar naki ne. Ba kuma cewa na yi ki zama maƙeriya ba. Gilashin da ya fashe, da tayar da ta cinye, da robar gefen gilashi wadda rana ta busar har yana kaɗawa in an yi iska, waɗannan na mai gyara ne, kuɗin kuma daga aljihun maigida ko mai gidan haya. Sai dai in mai gyaran ya zo, ki ce ya sa kusoshin da ba sa tsatsa, don na baƙin ƙarfe sukan ruɓe su ci ramin da suke ciki. Ki kuma sa ya gwada ɗaga murfin sama. In ya fito daga hanyarsa da sauƙi, to ɓarawo ma zai iya fito da shi, sai ya sa masa abin tarewa. Da dare ki kwantar da guntun sanda a cikin hanyar, ko makulli ya lalace ba mai iya ja daga waje.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, ku da kuka karanta kimiyya kun fi mu sanin dalilin da soda ke cin goran ruwa. Ranar Asabar, bayan wankin kayan makaranta, kowace ta ɗauki burushi ta fara da tagar ɗakin Inna. In a bene kuke, daga ciki za ku goge, kada wadda ta miƙa jiki waje.

Mai jegon nan kuwa, ranar suna na koma mata da burushi da kyandir. Kwano biyu na ruwan sabulu muka zubar kafin tagar ta yarda ta buɗu.