Fadan Malumfashi ma namu ne

1/ Jama'a, ku ara min minti biyar. Ni Musulmi ne, haifaffen wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Yanzu haya muke a cikin Katsina saboda dalilin da kowa ya sani. Yau maganar limamin coci zan yi. Mai niyyar zagina ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

2/ Shekaranjiya a majalisarmu ana lissafa waɗanda 'yan bindiga suka kashe. Wani abokinmu Bahaushe Kirista, ɗan wajen Kafur, ya ambaci Fada Alphonsus Bello. Sai wani ya ce: "Ai wannan naku ne, ku bar mu mu ji da namu." Kowa ya yi shiru, har da ni. Shirun nan ne ya hana ni barci.

3/ Ga wanda bai san shi ba. Fada Alphonsus shi ne limamin cocin Katolika ta St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi, kudu da mu. Matashi ne, bai kai shekara 35 ba. Daga Kaduna aka aro shi ya zo ya yi aiki, lokacin da cocin Katolika na jiharmu ke ƙarƙashin Bishop Matthew Kukah na Sakkwato.

4/ Daren 20 ga Mayu 2021 'yan bindiga suka afka gidan limaman. Da gari ya waye aka tsinci gawarsa a gona, bayan makarantar horar da malaman coci. Suka tafi daji da Fada Joseph Keke, dattijo mai shekara sama da 70. Sai bayan kamar mako biyu ya dawo.

5/ Yawancinmu ba mu san aikin Fada ba, farar riga kawai muke hange. Na tambayi abokin nan nawa. Kafin a naɗa mutum, sai ya shafe kusan shekara tara yana karatu. Ba ya aure. Ba shi ke zaɓar garin da zai zauna ba, inda bishop ya tura shi nan zai je.

6/ Kuma ba coci ɗaya yake riƙewa ba. Akwai babbar coci a gari, akwai ƙanana a ƙauyuka, kowace da malaminta da suke kira katikis. Fada ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya: ya ja ibada, ya yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure, ya duba mara lafiya, ya binne mamaci.

7/ To ku da kuka san hanyoyin ƙauyukanmu, ku auna. Mutumin da kowa ya san ranar da zai biyo hanya, ya san motarsa, ya san ɗakin da yake kwana, ba bindiga, ba mai tsaronsa. Ga kuma zaton da ɓarayin daji ke yi cewa coci za ta haɗa kuɗin fansa. Nama ne a bakin kura.

8/ Duk da haka suna zaune. Wannan shi ne abin da nake so mu duba. A ƙauyenmu na ga yadda aka watse: mai hali ya fara fita, ma'aikaci ya nemi canjin wuri, ɗan siyasa sai lokacin zaɓe. Limaminmu na cikin na ƙarshe da suka bar gari, don ya ce wa zai yi wa mutane sallar gawa?

9/ Irin wannan zaman ne Fada Alphonsus ya yi. Ba sai na yarda da aƙidarsa ba kafin in gane shi. Ina da addinina, yana da nasa. Amma mutumin da ya zauna da talakawansa a wurin da ake gudu, na san darajarsa, don na ga irinsa a masallacinmu.

10/ Kuma abin bai tsaya kansa ba. Ranar 25 ga Mayu 2022 aka shiga cocin St. Patrick da ke Gidan Mai Kambu a Kafur, aka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara da wasu yara biyu. Sun haura wata guda a daji. Shi Fada Ojapah, aikinsa ma har da kyautata zama tsakanin Musulmi da Kirista.

11/ Na san abin da wasu za su ce, kuma da gaskiyarsu: an kashe Fada ɗaya, labari ya kai Turai. A Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar nan Batsari, wasu ƙona su aka yi, wa ya san sunan ko ɗaya? Wallahi ni ma abin na ci min rai.

12/ Amma laifin wa? Ba Fada ne ya hana a rubuta sunayen namu ba. Su sun rubuta nasu, suna tunawa da shi. Mu sai mu ce "mutum talatin", mu yi addu'a, mu wuce. In akwai darasi, shi ne mu ma mu riƙa ajiye suna da rana. Haushin an manta da namu ba hujja ba ce ta mu manta da maƙwabci.

13/ Su masu kisan ba sa tambayar alƙibla. A Disambar 2020 ɗalibai sama da 300 suka kwashe a Ƙanƙara. A Agustan 2025, a wannan Malumfashin dai, sun buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau. Ƙaramar hukumar da aka kashe Fada, ita ce aka kashe masu sahu.

14/ Don haka 'yan'uwa Kiristoci, ku ma da naku. In za ku ba duniya labarin Fada Alphonsus, ku haɗa da Mantau da Tsauwa. Rabin labari shi ke sa na nesa ya ɗauka Katsinawa ne ke yaƙar juna, alhali tare muke kwana da takalmi a ƙafa.

15/ Masu cewa "baƙi ne" kuma: a 2023 Fafaroma Francis ya ba Katsina nata bishop ɗin, Gerald Mamman Musa. Bahaushe ne ɗan yankin Malumfashi. Da Hausa ake wa'azi a cocinan ƙauyukan nan, dawa da masara suke nomawa, kasuwa ɗaya muke ci.

16/ Jiya na kira abokin nan na ba shi haƙuri kan shirun da na yi. Ya ce ba komai, ya saba. Wannan "na saba" ta fi zagi ciwo.

17/ Roƙona ɗaya: in ana lissafin mutanen da Katsina ta rasa, a sa sunan Alphonsus Bello a ciki, a sa na limamanmu da manomanmu. Wanda ya san sunan wani da aka kashe a ƙauyensu, ya rubuta a ƙasa tare da shekarar. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.