RA'AYINMU: Filin Wasa Da Turanci A Makarantun Arkilla

Duk wanda ya ratsa unguwar Arkilla a 'yan shekarun nan ya ga yadda allunan makarantun kuɗi suka yawaita, kusan kowane layi da nasa, kuma kusan dukkansu alkawari ɗaya suke yi wa iyaye, watau ka kawo ɗanka, kafin shekara ta kewayo zai riƙa zuba Turanci. Ba mu ga laifin iyayen da suka amsa wannan kira ba. Mazauna Arkilla, ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta, sun sani sarai da Turanci ake rubuta jarrabawa, da shi ake cika takardar neman aiki, kuma ɗalibin da ya faɗi a cikinsa ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya fi kowa iya lissafi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ake karɓewa daga hannun yaro a bakin wannan Turanci, watau lafiyar jikinsa da harshen gidansu.

Da yawa daga cikin waɗannan makarantu gidajen haya ne aka mai da ɗakunan kwana azuzuwa, tsakar gidan kuwa ba ta isa yara ashirin su miƙa hannuwa ba sai sun mari juna. Yaro ɗan shekara biyar zai hau benci tun da safe har azahar, in an tashe shi ya ci abinci ya wuce Islamiyya, ya sake zama har yamma. Makarantun gwamnati sun fi su fili, amma a wasunsu darasin motsa jiki a takardar tsarin darussa kaɗai yake, in lokacinsa ya yi sai a tura yara shara, ko wani malami ya karɓe shi don ya ƙarasa nasa darasin. Filin kansa kullum raguwa yake, yau an yanki gefe an gina aji, gobe an yanki wani an yi shaguna.

A da, wannan sakaci bai zama illa ba, domin dandali ya ɗauke wa makaranta nauyin. Da magariba ta wuce, musamman daren farin wata, samari na langa da kokawa, ƙanana na alkafura da ɓuya bisa rairayi, 'yan mata na gaɗa har sai gumi ya keto musu. Wanda ya taɓa yin langa ya san irin ƙarfin cinya da daidaituwar jiki da take nema, ga mutum riƙe da ƙafarsa ɗaya ta baya, yana tsalle bisa ɗayar, yana kuma ƙoƙarin ture abokin karawarsa. Yau a unguwa irin Arkilla an yanka filayen an gine, titi ya cika da babura da manyan motocin da ke hawa da sauka a hanyar Kalambaina, hankalin iyaye ba ya kwanciya in ɗa ya fita da dare, wayar hannu kuma ta zaunar da wanda ya rage. Tun da dandali ya tafi, aikinsa ya dawo wuyan makaranta, ko ta so ko ta ƙi.

Wannan magana ba ƙirƙirarmu ba ce. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, ta lissafa ilmin motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare. A 1978 hukumar UNESCO ta amince da wata yarjejeniya da ta ce samun ilmin motsa jiki da wasanni hakki ne na kowane ɗan Adam. A 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 a kowace rana suna motsi mai sa numfashi ya ɗaga, sa'an nan aƙalla kwana uku a mako su yi irin motsin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Dalilin a bayyane yake. Ƙashin yaro yana ƙara ƙwari ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa lokacin da yake girma, ta hanyar gudu da tsalle da dira, kuma abin da aka tara a ƙuruciya shi ake ci har tsufa. Yaron da ya saba rataya da rarrafe da cafe ƙwallo ya fi samun sauƙin zama daram da riƙe fensiri. Malamai kuma shaida ne, yaron da ya yi gudu ya huce ya fi wanda aka ɗaure a benci natsuwa in an koma aji. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada wani ya ji an ambaci wasan lanƙwashe-lanƙwashe ya zaci muna neman a sayo ƙarafa da katifu irin na gasar Olamfik. Per Henrik Ling, mutumin Suwidin wanda ya kafa makarantar horar da malaman wannan fanni a birnin Istokholm a 1813, ya gina yawancin tsarinsa bisa motsin da ba ya bukatar kayan aiki: miƙewa, sunkuyawa, juya ƙugu, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Makarantun Ingila sun ɗauki tsarinsa, irinsa ne kuma iyayenmu da kakanninmu suka yi da safe a makarantun elementare kafin a shiga aji. Abin da ajin ƙananan yara ke bukata a Arkilla bai wuce tabarma biyu ko tulin rairayi don alkafura da mirgine ba, da igiya don tsallake, da tsofaffin tayoyi, da falankin katako da za a ɗora bisa bulo biyu yara su yi tafiya a kai. Makarantar da ta iya buga allon talla mai launi ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

To, ina Turanci ya shigo? Sai mun ɗan waiwaya. Manufar 1977 ta tsara a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake ji a yankinsu, Turanci yana matsayin darasi, sai daga baya ya zama harshen koyarwa. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekara shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Mu dai ba mu gamsu da cewa harshen uwa ne ya kayar da ɗalibai ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, aka ba Turanci ƙwararrun malamai a matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba, a wasu fannonin ma sun sha gabansu. Mu mutanen Sakkwato ma ba sai an kai mu Ife ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, babu harshen da ya kori ɗan'uwansa daga bakinta. Saboda haka ɗabi'ar nan ta cin tarar yaro ko zane shi don ya yi Hausa a harabar makaranta zalunci ce da aka sa wa rigar ilmi. Abin da take haifarwa shi ne yaro mai tsoron buɗe baki, wanda ya haddace jimloli ashirin yana rerawa kamar aku, in an sāke masa tambaya ɗaya sai ya yi zuru.

Amma ko wace manufa gwamnati ta tsaya a kai, tambayar da ke gaban malamin aji ɗaya ba ta sauya ba: yaron da bai taɓa jin Turanci a gida ba, ta wace hanya kalmar farko za ta shiga kansa da ma'anarta? A nan ne muke ganin filin wasa ya fi allo. Cikin shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Asher, ya lura da cewa jariri yakan daɗe yana jin umarni yana aikatawa kafin ya furta kalma, a ce masa zo ya zo, a ce miƙo ya miƙa. Sai ya gina hanyar koyar da baƙon harshe bisa wannan. Malami zai faɗi umarni da Turanci, ya aikata da jikinsa, yara su kwaikwaya. Ya ce a tashi, a zauna, a taɓa gwiwa, a yi tsalle sau uku, a juya hagu. Bayan 'yan kwanaki sai ya daina nunawa, ya faɗa kawai, yara su yi. Daga nan sai ya haɗa umarni biyu ko uku da ba su taɓa ji a haɗe ba, in sun aikata daidai ya tabbata sun fahimta, ba hadda suka yi ba. Ba a tilasta wa kowa magana, amma ba a daɗewa sai ka ga wani yaro ya nemi a bar shi ya ba 'yan'uwansa umarni.

Dubi abin da ke cikin darasin motsa jiki guda: sunayen gaɓoɓi, ƙidaya, dama da hagu, sama da ƙasa, gaba da baya, sauri da sannu, kusa da nesa, da kalmomin aikatau masu yawa. Wannan shi ne harsashin Turancin ajin farko, kuma malami na ganin wanda bai gane ba nan take, domin shi ne zai juya dama alhali kowa ya juya hagu. Ba mu ce wannan hanya za ta koyar da karatu da rubutu da nahawu ba, waɗannan aikin aji ne, kuma dole a yi su da kyau. Abin da muke cewa shi ne hedimastan da ya soke motsa jiki don ya ƙara wa Turanci lokaci ya yi asarar biyun, alhali minti ashirin a fili kowace safiya na iya ba shi biyun.

Mun san akwai uzurori, kuma wasunsu na da nauyi. Zafin Sakkwato a watannin Maris da Afrilu da Mayu kan haura awo 40, don haka lokacin fita shi ne da sanyin safiya, a inuwar dogon yaro, da randar ruwa a kusa. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa a taƙaita, a kuma lura da masu asma. Akwai yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Yamma. Yaron da ya fito gida ko koko bai sha ba, sa shi gudu azaba ce, saboda haka maganar motsa jiki ba ta rabuwa da maganar karin kumallo. Akwai kuma batun 'yan mata, waɗanda su ne aka fi zaunarwa. Damuwar iyaye game da sutura da kunya abin girmamawa ce, maganinta kuwa malama mace da wuri mai katanga da wando mai yalwa. 'Yar da aka hana ta motsi tana ƙarama, ita ce gobe za ta ɗauki ciki da goyo da jikin da ba a gina ba.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Sakkwato da kada ta ba sabuwar makaranta izinin buɗewa sai masu duba makarantu sun ga filin wasanta da idonsu, ko takardar yarjejeniya da wata makaranta ta kusa mai fili. Muna kira ga Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha da Ƙaramar Hukumar Wamakko, wadda Arkilla ke ƙarƙashinta, su kewaye filayen makarantun gwamnati, su hana yankarsu, su kuma buɗe su ga yaran unguwa da yamma. A nan birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba, 1999, abin kunya ne a ce a garin da aka yi wannan biki yaro ya gama firamare bai taɓa yin alkafura a filin makarantarsu ba. Muna roƙon Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da Tsangayar Ilmi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su koya wa kowane ɗalibi mai shirin zama malamin firamare yadda ake haɗa darasin harshe da motsa jiki, kada a bar shi ga 'yan sashen wasanni kaɗai. Iyaye kuma, ranar da kuka je biyan kuɗin makaranta, bayan kun saurari waƙoƙin Turanci da aka haddatar don baƙi, ku nemi a nuna muku inda yaran ke gudu.

Sauran magana tamu ce, 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Da yawanmu a Arkilla da Gwiwa da kewayensu muke zaune, kuma kowannenmu na da ƙane ko ƙanwa ko ɗan maƙwabci a waɗannan makarantu. Mun iya taruwa mu yi ta sukar gwamnati har dare ya raba, wani lokaci da gaskiyarmu. Amma mutum biyar da igiya ɗaya da izinin mai unguwa da na hedimasta sun isa su tara yara talatin safiyar Asabar, a yi sa'a guda ana tsalle ana ƙirga da Turanci, a rufe da langa. Muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta ɗauki wannan cikin ayyukanta na hutun da ke tafe, ta fara da makaranta ɗaya, ta kuma rubuta abin da ta gani don wasu su ɗora. Da Hausa muka fara tunani, da Turanci muka shigo jami'a, da ƙafafunmu muka yi langa, babu dalilin da zai sa a ce wa ƙannenmu sai sun zaɓi ɗaya. Allah ya raya mana su cikin lafiya da ilmi mai amfani, amin.