Dakarun tsaron unguwanni na Kano: Horo da doka su ne za su raba su da 'yan sa-kai

A ranar 28 ga Yulin 2014 wata 'yar ƙunar baƙin wake ta shiga layin masu sayen kananzir a babban gidan man NNPC da ke Hotoro, ta tayar da bam ɗin da ke jikinta. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake kai hari wani gidan mai a Hotoron. Mazauna yankin ba su manta da darasin ba: duk lokacin da masifa ta auku, kafin motar jami'an tsaro ko ta asibiti ta iso, maƙwabta da 'yan adaidaita sahu da 'yan sintirin unguwa ne ke fara kai ɗauki.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da jama'a da dama suka yi maraba da rundunar tsaron unguwanni ta Jihar Kano, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa dokarta hannu a farkon 2025, aka kuma ƙaddamar da dakarunta 2,000 a watan Disamba. Hakan ya zo ne a daidai lokacin da 'yan bindiga ke tsallakowa daga iyakar Katsina suna kai farmaki ƙauyukan Shanono da Tsanyawa.

Kano ta bi sahun maƙwabtanta ne. Katsina ta ƙaddamar da tata rundunar a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ta biyo baya. Dalilin kowa ɗaya ne: sojoji da 'yan sanda sun yi kaɗan, kuma wanda aka turo daga nesa bai san lungu da saƙon gari kamar ɗan gari ba.

Arewa ta riga ta ga fuska biyu ta wannan tsari. A 2013 matasan Maiduguri da aka fi sani da Ƙato da Gora suka tashi da sanduna, suka riƙa nuna wa sojoji 'yan Boko Haram da ke ɓoye a cikin unguwanni, har aka fatattake su daga birnin. Ƙarfinsu yana cikin sanin mutane ne, kuma sun yi aiki ne a gefen sojoji. A Zamfara kuwa, 'yan sa-kai da suka ɗauki doka a hannunsu, suna kashe wanda ake zargi ba tare da shari'a ba, sun ƙara wa wutar ramuwar gayya fetur, har gwamnati ta haramta su. Kanawa ma sun ɗanɗana ɗacin sintirin da ba shi da linzami a Maris ɗin 2025, lokacin da aka tare mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyarsu ta komawa gida, aka kashe su.

Abin tambaya shi ne, wacce daga cikin fuskokin nan biyu za a gani a Kano?

Buƙatar Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni ta bambanta da ta ƙauyukan iyaka. Abin da ke hana mutanen nan barci shi ne faɗan daba, da ƙwacen waya, da shaye-shaye, da gobara a lokacin hunturu, da ambaliya idan damina ta yi nisa. Ga defon man fetur a Hotoro, ga tankoki da tireloli da ke bin titin Maiduguri dare da rana. A irin wannan wuri, dakaren da ya iya tsayar da jinin wanda aka sara, ya iya korar 'yan kallo daga tankar da ta faɗi, ya kuma san lambar hukumar kashe gobara, ya fi wanda ya iya fareti amfani. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kusa da Gyaɗi-Gyaɗi, amma mintunan farko kafin a kai mutum can su ne kan raba rai da ajali.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata gwamnati ta tsaya a kansu.

Na farko, iyakar aiki. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce ga ƙasar nan. Aikin dakarun shi ne tattara bayanai, da sintiri, da miƙa wanda suka kama ga 'yan sanda nan take. Ba su da hurumin dukan mai laifi ko tsare shi a ofishinsu.

Na biyu, horo. A haɗa su da hukumar kashe gobara da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ƙungiyar Red Cross, su riƙa atisaye tare lokaci-lokaci, domin kowa ya san wanda ke ba da umarni idan abu ya faru.

Na uku, haƙƙinsu. Matashin da aka ba kaki aka hana shi albashi, a kan talakan da ya kamata ya kare zai huce. A biya su a kan lokaci, a kuma yi tanadi ga iyalan wanda ya rasa ransa a bakin aiki.

Na huɗu, a nesanta su da siyasa. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma Kano ta san yadda ake amfani da matasa a irin wannan lokaci. Masu unguwanni da limamai su sa ido kan wanda ake ɗauka, a kuma buɗe wata kafa da ɗan unguwa zai kai ƙarar dakare ba tare da fargaba ba.

Su ma mazauna unguwanni akwai nasu nauyin. Dakarun nan 'ya'yansu ne, kuma ba za su ga abin da jama'a suka ɓoye musu ba. Uban da ya san ɗansa na yawo da wuƙa ya yi shiru, ba shi da bakin zargin kowa idan aka tare hanya.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rundunar nan sabuwa ce, kuma yanzu ne gwamnati da majalisar dokokin jiha ke da damar ɗora ta a kan tsarin da mai sayar da shayi a Hotoro zai ga kakinta hankalinsa ya kwanta.