KAROTA: A Raba Mai Kamu Da Mai Yanke Hukunci



A shekarar 2012 ne gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa hukumar KAROTA domin maganin cunkoso da tuƙin ganganci a Kano. Babu mai musun cewa titunan birnin suna bukatar mai tsawatarwa. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a bakin Kantin Kwari da la'asar ya san haka.

To amma a kan wa bulalar ta fi sauka? A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, samari masu ɗimbin yawa suka koma A Daidaita Sahu, da yawansu ma da keken bashi. A 2021 suka tafi yajin aiki kan harajin Naira 100 na kullum. A Janairun 2022 suka sake ajiye kekunan saboda Naira 8,000 na sabunta rajista, mata da 'yan makaranta da marasa lafiya suka yi ta taka sayyada. Wato hukumar da aka kafa don tsare rayuka an ɗora mata aikin tara kuɗin shiga, alhali wanda aka ce ya kawo kuɗi ba zai rasa ganin laifi ba.

A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin ba su da ikon kama mota ko cin tara. Wannan hukunci bai shafi KAROTA ba, tunda tana da tata dokar ta jiha. Ke nan magana ta dawo hannun 'yan majalisar dokokin Kano. Ya wajaba su gyara dokar yadda jami'i zai tsaya ga kamu da rubuta laifi, alƙali ya saurari direba kafin ya yanke tara, kuɗin ya shiga asusun gwamnati da rasit, a kuma ƙayyade kwanakin da za a riƙe keken da iyali ke ci da shi.

Su kuma 'yan'uwa matasa masu tuƙi, bin hannun da ba nasu ba da lodin wuce kima cutar da bayin Allah ne, miƙa na goro kuma haramun ne. Su nemi rasit a kan kowace tara su adana, ƙungiyoyinsu su tattara su kai wa wakilin kowace mazaɓa tare da rubutacciyar bukata.