Tsayi Ake Saye ko Inganci? Batun Kayan Ɗaga Motocin Daji

Duk mai Hilux ko Land Cruiser da ke bin hanyar Agadez zuwa Dirkou, ko yake ratsa ƙauyuka da damina, yana sha'awar ƙara wa motarsa tsayi domin cikinta ya daina gogar ƙasa. Kayan da ake wannan aiki da su iri biyu ne a kasuwa, kuma tazarar farashin da ke tsakaninsu ta sa mutane da yawa suna zaton aikinsu ɗaya, sunan kamfani kawai ake biya.

Na farko, wanda ya fi araha, zobe ne na alminiyam ko roba mai tauri da ake sakawa a saman shokozoba ta gaba, sai kuma ƙarfen da ake cusawa tsakanin sifirin na baya da aksul, wato sandar da ke riƙe da tayoyi. Motar za ta tashi kam, amma sifirin da shokozobar da suka gaji suna nan yadda suke, kuma ba ta ƙaru da ƙarfin ɗaukar ko buhu guda ba. Na biyu shi ne cikakken sauyi, inda ake cire tsofaffin a sa sababbi da aka auna da nauyin da motar za ta riƙa ɗauka, irin waɗanda Old Man Emu da Ironman 4x4 na Ostareliya, ko Bilstein na Jamus, suke ƙerawa. Kuɗinsu ya ninka na zobe sau da yawa, kuma dalilin yana cikin shokozobar: aikinta shi ne mayar da girgiza ta zama zafi ta hanyar matsa mai cikin ƙananan ƙofofi, kuma a kan hanya mai gargada man shokozoba mai arha yakan yi zafi ya yi kumfa, motar ta fara tsalle direba ya kasa sarrafa ta.

Akwai abin da dillalai ba su cika faɗa ba. Ɗaga mota ba ya ɗaga tulun giyar da ke tsakiyar aksul na baya, wanda galibi shi ne mafi kusa da ƙasa. Taya mai girma ce kaɗai take ɗaga shi. Bugu da ƙari, idan aka wuce milimita 50, kimanin inci 2, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba na Hilux yakan karkace fiye da ƙima, robarsa ta yage, tiyon birki ya miƙe, nauyin motar kuma ya koma sama har kifewa a kwana ta yi sauƙi. A jihohi da dama na Ostareliya, wuce wannan iyaka yana buƙatar takardar injiniya. A nan kuwa bakanike da mai mota ne suke yanke shawara a gareji, alhali fasinjojin da ke bayan motar ne za su ɗauki sakamakon.

Wannan ba ya nufin mafi tsada shi ne mafi dacewa. Shokozobar tsere irin ta Fox ko King tana buƙatar a riƙa buɗe ta ana sabunta mai da robobi, kuma masu wannan aiki ba su da yawa a garuruwanmu.

Saboda haka mai motar aiki ya tsaya a milimita 50, ya zaɓi sifirin daidai da lodinsa, ya saita tayoyi bayan an gama. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya sayi shokozoba mai kyau ya bar motar a tsayinta na kamfani.